Iyon kogi daban, iyon teku daban

Sana'ata shirya wa mutane tafiya. Ni ɗan Ajingi ne, ofishina yana Kano, kuma a 'yan shekarun nan sababbin ma'aurata sun sa Zanzibar a gaba. Ba su yi laifi ba. Tsibiri ne na Musulmi a ƙasar Tanzaniya, ba ka fargabar abin da za ka ci, kiran salla yana iske ka har bakin teku. Takardu ma ba su da yawa, sai dai bizar ɗan Nijeriya sai an tantance ta kafin ya tashi, don haka a nema da wuri. A riƙe katin rigakafin shawara, sannan tun 1 ga Oktoba 2024 kowane baƙo sai ya biya inshorar dala 44. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci shi ne ruwan da za a shiga, wanda ba mai tambayata a kansa.

Wanda bai iya iyo ba bai cika ba ni tsoro ba, shi da kansa yake neman rigar kariya. Namu na bakin kogi nake ji, wanda ya tashi yana tsallake kogin Wudil da damina. Wani ango daga Gaya ya taɓa ce mini, "Haba Yaya, ni za a ɗaura wa wannan abu a gaban amarya?" Na ce masa, "Ƙanena, a kogi ka san inda ruwa ya nufa, kana kuma ganin gaɓa dama da hagu. A teku kana kife kana kallon kifi, ruwa yana jan ka a hankali, sai ka ɗago kai ka hango jirginku ya zama ɗan ɗigo." Ya sa rigar.

Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana guda, lokacin kuma yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye nesa ƙwarai, har mata su shiga su yi aikin ciyawar teku da suke nomawa. Baƙo sai ya ga fili fetal ya kama tafiya yana ɗaukar hoto, ruwa ya dawo ta kwaruruka ya tare masa hanya ta baya. Mu da muka saba da lissafin wata muna da sauƙi a nan: cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu ga wata. Kowace safiya a tambayi masu masauki lokacin dawowar ruwa. Kada a taka babu takalmin roba, akwai wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da ke laɓe cikin duwatsu, ƙayar tana karyewa a cikin tafin ƙafa. Mai son ruwan da ba ya nisa da gaɓa ya nufi Nungwi ko Kendwa a arewa.

Leƙen ƙarƙashin ruwa da tabarau da bututu kuwa, koyonsa ake yi. Tabarau yana rufe hanci, da baki kawai ake numfashi, kuma a nan mutane ke rikicewa. A fara a inda ruwa ya tsaya a ƙugu. In ruwa ya shiga bututu, a hura da ƙarfi ko a ɗago kai a cire shi. Mai gashin baki ya rage shi, domin yana hana robar kama fata, ruwa ya riƙa tsiyaya ta ƙarƙashin hanci. Hajiya kuma, don Allah kada ki shiga da dogon hijabi ko abaya. In suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa da hannu. Akwai kayan iyo masu rufe jiki ruf har da kai, matan Zanzibar da kansu da su suke koyon iyo, ba wanda zai kalle ki sau biyu.

Mai neman wurin da babu hayaniya, ina nuna masa tsibirin Pemba, ƙasar kanumfari, ko ɗan tsibirin Chumbe da aka killace murjaninsa tun 1994, inda ake ƙayyade masu shiga a rana. A guji Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa ne, teku takan gurɓace.

Murjanin nan da ake gani kamar dutse mai rai ne, shekaru yake ɗauka kafin ya ƙaru da ɗan kaɗan, taku ɗaya kuma ya isa ya karya shi. Raina yana ɓaci in na ga an ɓallo shi don tsaraba. Haka manyan kunkuru na tsibirin Changuu, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919, ba abin hawa ba ne. Jajayen biran dajin Jozani a Zanzibar kaɗai ake samun irinsu a duniya, kuma suna iya ɗaukar mura daga ɗan Adam, shi ya sa masu gadin dajin ke hana matsawa kusa da su ko ba su abinci.

In an yi maka tayin naman kunkurun teku, ka yi godiya ka bar shi. Wani lokaci yana ɗauke da guba da dahuwa ba ta kashewa, ido kuma ba ya bambance mai ita da marar ita. A watan Maris na 2024, yara takwas da mace ɗaya sun rasu a tsibirin Panza da ke Pemba bayan sun ci shi, wasu da dama kuma aka kwantar da su a asibiti.