Tasha, Masauki da Gayya: Nazarin Rawar Ƙananan Hukumomi a Zamantakewar Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ƙananan hukumomin Birnin Kebbi da Argungu suka gaji ayyuka uku da al'adar Hausawa ta daɗe da yi wa tanadi, wato kula da zirga-zirgar matafiya, da bai wa marasa matsuguni masauki, da haɗa kan jama'a domin aikin gayya. An dogara ga nazarin tanadin Kundin Tsarin Mulkin 1999, da tarihin garuruwan biyu, da kalmomin da jama'a ke amfani da su yau da kullum. Maƙalar ta gano cewa doka ta miƙa wa ƙaramar hukuma nauyin ayyukan, amma ta bar cibiyoyin gargajiyar da suka san sirrinsu a bayan fage. Ta kammala da cewa gyara ba zai yiwu ba sai an haɗa ikon hukuma da ilimin unguwa.

Fitilun Kalmomi: ƙaramar hukuma, tasha, masauki, gayya, Kabawa

1.0 Gabatarwa

Birnin Kebbi da Argungu garuruwa ne da tarihi da kogi suka ɗaure wuri guda. Bayan faɗuwar Birnin Kebbi a hannun masu jihadi a shekarar 1805, sarautar Kabawa ta yi ƙaura har ta zauna a Argungu, inda Yakubu Nabame ya farfaɗo da ita a 1849. Gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato ta lafa sosai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ake dangantawa da mafarin bikin kamun kifi na zamani. Da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ya zama babban birni, shi kuwa Argungu ya ci gaba da zama cibiyar masarauta da noma da su.

Wannan sabon matsayi ya jawo jama'a. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani suna kai da komo a kan hanyar da ta haɗa garuruwan biyu, mai tsawon kimanin kilomita 50. Tambayar da maƙalar ta ɗora a gaba ita ce: wa ke da alhakin wannan matafiyi idan yana kan hanya, da lokacin da dare ya yi masa ba shi da wurin kwana?

2.0 Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma

Kafin sauyin 1976, hukumar En'e ce ke riƙe da kasuwa da tasha da tsaftar gari, ta hanyar tsanin da ya taso daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Sauyin ya ɗauke ikon zartarwa daga hannun sarakuna ya miƙa wa majalisun ƙananan hukumomi. Kundin 1999 ya tabbatar da wannan a sashe na 7, kuma Jadawali na Huɗu ya zayyana ayyukan dalla-dalla. Daga ciki akwai kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, da bayar da lasisin kekuna da kwale-kwale da amalanke, da kafa maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa galihu.

A rubuce dai babu duhu a batun. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kuɗi. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, abin da ya sa aka daɗe ana kukan cewa kaso ba ya isa hannun masu shi yadda ya kamata. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake buɗe wannan muhawara. Ga Birnin Kebbi akwai ƙarin sarƙaƙiya, domin babban birnin jiha ne: ma'aikatun jiha ke gina manyan titunansa, ita kuwa ƙaramar hukuma an bar ta da lunguna da kwalbatoci.

3.0 Tasha da Zirga-zirga

Cibiyoyi da dama ne ke haifar da zirga-zirgar safe da yamma a wannan yanki. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke wajen Kalgo, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello a Ambursa, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Noman shinkafa ya ƙara nasa. Bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, da buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, manyan motocin dakon shanshera sun zama abokan hanyar 'yan kabu-kabu da masu keke napep.

A al'adance, tasha zango ce. Ayarin fatake kan sauka hannun Sarkin Zango, wanda ya san wanda ya iso da inda ya dosa, kuma yake ɗaukar lamunin kayansa. A yau ɗan kamasho da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW ne suka gaji wannan aiki a aikace: su ke tsara layi, su sasanta rikici, su nemo kayan da suka ɓata, wani lokaci ma su yi wa wanda guzurinsa ya ƙare karo-karo. Abin da fasinja ya fi gani daga hukuma shi ne rasit. Saboda haka dangantakar ta koma ta karɓar haraji, alhali asalin zango hidima ce da amana.

Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya fito da wannan giɓi fili. Da kuɗin mota ya tashi, lodi ya wuce ƙa'ida, tsayawa bakin titi domin kauce wa kuɗin tasha ya yawaita, ma'aikacin da ke kwana gida kullum ya koma neman wurin raɓawa a birni. Haka lamarin yake a ruwa. Hatsarin jirgin ruwa na Warra a ƙaramar hukumar Ngaski cikin Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya nuna cewa lasisin kwale-kwale batu ne na rai da mutuwa. A ƙwarin Rima, inda damina ke raba ƙauyukan fadama da hanyar mota, Sarkin Ruwa ya fi kowane jami'i sanin jirgin da ya tsufa da mashigin da ke da haɗari, amma doka ba ta ba shi gurbi a tsarin lasisi ba.

4.0 Masauki da Rashin Matsuguni

Abin lura ne cewa Hausa ba ta da kalma guda tilo da ke nufin mutumin da ba shi da gida sam. Wannan ba talaucin harshe ba ne. Tsarin zama ne ya toshe ƙofar: kowane gida yana da zaure, kowane ɗan kasuwa yana da fatoma, kuma karin maganar “baƙonka Annabinka” ta mayar da saukar baƙo ibada. Hatta masu lalura suna da shugabanci, irin su Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, waɗanda ke tsaya musu a fada. Harshe ya rarrabe masu kwana waje gwargwadon dalilinsu, kuma wannan rarrabewa tana da amfani ga mai tsara manufa.

Rukuni na farko shi ne 'yan ci-rani, masu zuwa bayan girbi daga ƙauyukan Arewa da Dandi da ƙetaren iyakar Nijar domin dako ko ga-ruwa ko aikin fadama. Waɗannan suna da gida, masauki mai sauƙin kuɗi kawai suke bukata. Na biyu almajirai ne, waɗanda ke ƙarƙashin malami amma makwancinsu bai wadata ba. Kwashe su zuwa jihohinsu da gwamnonin Arewa suka yi a 2020 lokacin annobar korona bai magance tushen matsalar ba, domin talaucin da ya fito da su yana nan. Na uku su ne waɗanda ambaliya ta tasa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020, inda makarantun firamare suka zama sansani. Na huɗu 'yan gudun hijirar rashin tsaro ne, galibi mata da yara, da ke raɓe a kangwaye da gidajen dangi. Na biyar su ne masu taɓin hankali da tsofaffin da ba su da mai kula, wato ainihin waɗanda Jadawali na Huɗu ya ambata.

Idan hukuma ta haɗa waɗannan duka ta kira su mabarata, sai ta ba su magani ɗaya, wato kame da kora ko rabon hatsi na rana guda. A lokaci guda kuma zauren da ke ɗaukar nauyin yana ɓacewa: sababbin unguwanni gidajen katanga da get ne, tsofaffin zauruka suna komawa shaguna, tsoron ɓata-gari kuma ya sa ana rufe masallatai bayan sallar isha'i.

5.0 Gayya da Rayuwar Al'umma

Duk da haka, ruhin gayya bai mutu ba, kama ce ya sauya. Ƙungiyoyin ci-gaban unguwa ke yashe magudanan ruwa gabanin damina, su ke share maƙabarta, su ke biyan 'yan sintiri. Babban misali shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma aka farfaɗo da shi a Maris 2020 bayan kusan shekara goma da dakatawa. A kwanakin bikin, fada da hukuma da direbobi da masunta kan haɗa hannu wajen tsara hanyar zuwa Matan Fada da saukar dubban baƙi. Wannan hujja ce cewa iyawa tana nan. Abin da babu shi ne tsarin da zai ɗauki haɗin kan mako guda ya mayar da shi aikin shekara.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tasha da masauki da gayya igiya ɗaya ce: tsadar hanya ke haifar da kwanan waje, raunin zaure ke ƙara shi, gayya kuwa ke rage raɗaɗinsa. Don haka ana ba da shawarar kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin tasha da mashigi wanda zai ƙunshi direbobi da Sarkin Ruwa da wakilin hakimi, ta kuma ware wani kaso na kuɗin tasha domin rumfa da makewayi da ɗakin kwanan matafiya. Haka nan ya dace masu unguwanni su riƙe rajistar marasa matsuguni bisa rukunonin da aka zayyana, domin a san mai bukatar haya da mai bukatar asibiti. Ga masu nazarin Hausa kuwa, akwai aikin gaggawa na tattara kalmomin tasha da na masauki a karin harshen Kabawa, tun dattawan da suka ga zango da idonsu suna raye.