Yadda Ake Shirya Ƙaramar Mota Don Janta a Bayan Motar Gida

A Amurka da Kanada, iyalai da yawa da ’yan fansho suna yawon ƙasa a cikin motar gida, wato babbar mota mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda tsawon wasu yakan kai mita 12. Idan an yada zango an jona mata ruwa da wuta, ba wanda zai so ya tayar da ita don zuwa kasuwa. Shi ya sa suke jan ƙaramar mota a baya. Wasu kan ɗora ta a tirela, wasu su ɗaga tayoyin gaba a kan ɗan keken ja, amma hanyar da ta fi sauƙin haɗawa da kwancewa ita ce a ja ta tayoyinta huɗu suna ƙasa.

Abin da za ka riƙe a ranka shi ne motar nan za ta yi ɗaruruwan kilomita babu kowa a cikinta, injinta kuma a kashe. Taka birki, kunna sigina, bin kwana, duk aikin da direba yake yi mata, sai ka tanadi abin da zai yi shi.

Mataki na 1: Tabbatar motar tana jawuwa

Ɗauko littafin da kamfani ya haɗo motar da shi, ka nemi sashen da ke bayani kan janta a bayan wata mota, wanda kamfanoni da yawa suka sa wa suna “Recreational Towing”. Idan ya ce kada a ja ta haka, magana ta ƙare, ko da dillali ko makaniki ya ce ba komai. A yawancin motoci atomatik, injin ne ke juya famfon da ke watsa mai a cikin giya. Injin yana kashe famfon ya tsaya, alhali tayoyi suna ta juya ƙarafan ciki a bushe har su ƙone. Sa mota a firi ba ya hana wannan, ko a Texas ake janta ko a hanyar Kano zuwa Zariya.

Jeep Wrangler ce aka fi gani a bayan motocin gida, domin tana da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma ana iya sa shi a firi ya raba giya da tayoyi gaba ɗaya. Wasu samfuran Ford F-150 da Chevrolet Colorado masu jan tayoyi huɗu ma haka suke. Ka lura da shekarar ƙira: Honda CR-V ta 2014 tana jawuwa, amma ta 2015 da aka sauya mata giya zuwa CVT ba a yarda a ja ta ba.

Mataki na 2: Auna nauyi

Duba takardar da ke manne a ƙugiyar bayan motar gidan. Matsakaita da yawa fam 5,000 aka yarje musu, kimanin kilo 2,270, manya masu shan gas kuwa sukan kai fam 10,000 ko fiye. Sannan nemi adadin da ake kira GCWR, wato iyakar nauyin motocin biyu a haɗe. Loda kayanka yadda za ka yi tafiya, da ruwa da mai da mutane, ka hau sikelin CAT da ake samu a tashoshin manyan motoci. Cire abin da sikeli ya nuna daga GCWR, ragowar shi ne abin da za ka iya ja. Tsakaninsa da adadin ƙugiya, ƙaramin za ka bi. Wrangler mai ƙofa huɗu ta kai wajen tan biyu tun ba a sa mata kaya ba, don haka kada ka mayar da ita ɗakin ajiya.

Mataki na 3: Ɗaura ƙarfen riƙo

Wannan ƙarfe ne da ake ɗaurewa a jikin shasin ƙaramar motar, kunnuwansa biyu su leƙo ta gaba. Kamfanoni irin su Blue Ox da Roadmaster da Demco suna ƙera wa kowace mota da shekararta nata daban, saboda haka kada ka sa mai walda ya ƙirƙiro maka. Yawanci sai an cire bamba, wani lokaci a huda shasi. A shafa wa kowane noti gam ɗin da ke hana shi kwancewa, a ɗaure shi da sifana mai ma’auni daidai ƙarfin da takarda ta faɗa. Idan ba ka saba ba, kai wa gwani, domin dukan nauyin motar a kan waɗannan notuna yake.

Mataki na 4: Sandar ja da igiyoyin tsaro

Sayi sandar da ƙarfinta ya zarce nauyin motarka. Mai hannu biyu masu shiga da fita ta fi, don ba sai motocin sun yi saiti ɗaya cif kafin ka haɗa ba. Ajiye motocin a shimfiɗaɗɗen wuri ka auna daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙugiya, sannan daga ƙasa zuwa kunnuwan ƙarfen riƙo. Kada bambancin ya wuce inci 3, kusan santimita 7.5. In ya wuce, akwai mahaɗin da ke ɗaga ƙugiya ko ya saukar da ita. Sandar da ta karkata takan sa ƙaramar motar ta nemi hawa ko kutsawa ƙarƙashin babbar idan an taka birki da ƙarfi.

Igiyoyin ƙarfe biyu na tsaro su ma su kai nauyin motar. Ana gitta su ne a ƙarƙashin sandar, ta yadda in ta ɓalle za su tallafe ta kafin ta caki kwalta.

Mataki na 5: Fitilu da batir

Wanda ke binka a baya fitilun ƙaramar motar yake gani, don haka dole birki da sigina da fitilar dare su amsa daga gaba. Ana jawo waya daga soket mai baki bakwai na motar gida zuwa gaban ƙaramar, a sa diyod a bayan kowace fitila don kada wuta ta koma ta lalata kwamfutar mota. Wanda ba ya son a taɓa wayarin sai ya sayi fitilun maganaɗisu. Ƙara da wayar caji mai fis, domin na’urar birkin da ke Mataki na 6 da makullin da aka bari a kunne suna iya shanye batir kafin yamma.

Mataki na 6: Birki

Nan ne mutane suka fi son rage kuɗi, kuma nan ne bai kamata ba. An ƙera birkin motar gida ne don nauyin kanta, ban da ƙarin tan biyu da ke tura ta a gangaren duwatsun Colorado ba. Yawancin jihohin Amurka da lardunan Kanada sun wajabta birki ga abin da ake ja in ya kai wani nauyi, da yawa fam 3,000, wasu ƙasa da haka.

Akwai akwatin da ake ajiyewa gaban kujerar direba, hannunsa ya kama fedar birki ya riƙa dannawa, irin su Brake Buddy da Patriot. Akwai kuma wanda ake girkawa na dindindin, kamar Air Force One ga motar gida mai birkin iska. Ko wanne ka zaɓa, haɗa da makunnin gaggawa: ’yar siririyar waya ce da ake maƙalawa a jikin motar gida, in ƙaramar ta tsinke sai wayar ta fizge fil, birki ya kama.

Mataki na 7: Haɗawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwada komai a fili tun kafin ranar, ka rubuta jerin nan a kati, kuma kada ka bari a ɗauke maka hankali da hira kana tsakiyar aiki.

1. Tsayar da motocin a miƙe a wuri marar gangara, kowace da birkin hannu a ja.
2. Maƙala hannuwan sandar, ka zura fil, ka kulle kowane da ƙaramin maƙalinsa.
3. Gitta igiyoyin tsaro, jona wayar fitilu, maƙala wayar gaggawa ita kaɗai.
4. Shirya giya yadda littafi ya tsara. A Wrangler atomatik, akwatin rabawa yana N, giya tana P. A CR-V ta 2014 kuwa ana bin giyoyin ɗaya bayan ɗaya, a fito daga D zuwa N, a bar injin ya yi minti uku, a maimaita bayan kowace awa takwas, kuma ba a wuce mil 65 a awa.
5. Tabbatar sitiyari ba ya kulle. In littafi ya ce a cire fis ko kan batir, a cire.
6. Kunna na’urar birki, wani ya tsaya a baya ya ga kowace fitila ta kama.
7. Sauke birkin hannun ƙaramar motar, ka ja gaba a hankali har hannuwan sandar biyu su miƙe su kulle. Sauko ka gani da idonka, ka kuma ga tayoyi huɗu suna juyawa.

Mataki na 8: A kan hanya

Kada ka yi ribas da mota a haɗe, ko na mita ɗaya. Tayoyin gaba sukan murɗe gefe guda, sandar ta lanƙwashe. In ka shiga lungu marar mafita, sauka ka kwance. Yi kwana da faɗi, ka ƙara tazara tsakaninka da na gaba, kyamarar baya kuma ta zauna a kunne. Duk inda ka tsaya shan mai, zagaya ka taɓa fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya ka ji ko ta yi zafin da ya wuce kima, alamar birki yana riƙewa ke nan.

Wajen kwancewa, fara da jan birkin hannun ƙaramar motar kafin ka zare fil ko ɗaya. Wrangler da akwatin rabawarta ke firi za ta gangara ko da giya tana P, kuma kai ne kake tsaye a tsakanin motocin biyu.