Gidan Mahaukaci na Marsel

Mu nan Maiduguri in iyali sun yi yawa sai a faɗaɗa gida a ƙasa. A birnin Marsel na ƙasar Faransa kuwa, da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu gidaje suka yi ƙaranci, sai gwamnati ta ba wani gwanin zanen gini, Le Corbusier, aikin ɗora unguwa guda a bisa ginshiƙai. An fara a 1947, aka buɗe a 1952. Sunansa Unité d'Habitation, amma mutanen gari da suka ga siffarsa sai suka laƙaba masa Gidan Mahaukaci.

Sassa 337 ne a ciki, na mutum wajen 1,600. Ƙarfe ya yi tsada a lokacin, saboda haka da kankare aka yi shi, aka bar shi ba yaɓe, har shatin katakon da aka zuba shi a ciki ana gani. Akwai layin kantuna da masauƙin baƙi a tsakiyar benen, can a rufi kuma ga makarantar yara ƙanana da filin tsere.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne awon. Maginin bai fara da ƙasa ba, da jikin mutum ya fara. Da fari ya ɗauki mutum mai tsawon mita 1.75. Sai wani mataimakinsa ya ce ai a littattafan binciken ɓarayi na Ingilishi, kyawawan 'yan sanda ƙafa shida su ke. Shi ke nan aka koma mita 1.83. In wannan mutum ya miƙa hannu sama zai kai mita 2.26, watau tsawon ɗakunan ke nan. Ku dubi yadda tatsuniya ta yanke wa mutane rufin ɗaki!

Wata dabarar kuma, a kowane hawa uku lungu ɗaya ne kurum. Galibin sassan hawa biyu gare su, suna haye lungun ta sama ko ta ƙasa, su sami taga gabas da yamma, iska ta ratsa. Wanda ya kwana a ɗaki mai taga ɗaya a watan Afril nan Barno ya san amfanin wannan.

Gobara ta ci wani sashe a Fabrairu 2012, aka gyara. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

Malamai masu zuwa koyarwar gwaji, ku sa yara su auna tsawonsu da hannu a miƙe, su gwada da ƙofa da tagar ajinsu.