Kafin Ka Rataya Ƙaramar Bindiga a Dajin Alaska

Duk wanda ya ɗaura niyyar shiga dajin Alaska, ɗalibi ne da ya sami hutu a Amurka ko ɗan yawon buɗe ido, da ya ji labarin beyar sai zuciyarsa ta raya masa bindiga. Ba a ga laifinsa ba. Jihar na da beyar mai ruwan ƙasa wajen 30,000, baƙa kuwa kimanin 100,000. Namijin mai ruwan ƙasa da ya ƙoshi da kifi a tsibirin Kodiak yana iya haura kilo 600, kuma duk da wannan jiki yana gudun kilomita 50 a awa. Ba mai tsere masa da ƙafa.

Sai dai kafin a zo kan wace bindiga, a fara tambaya: kana ma da ikon riƙe ta? Alaska na cikin jihohin da suka fi sassauci. Tun 2003 wanda ya cika shekara 21 yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye ba tare da neman lasisi ba. Wannan ne ke ruɗin baƙi, don dokar tarayya tana sama da ta jiha, ita kuwa ta hana wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da wata hujja da dokar ta yarda da ita, kamar lasisin farauta mai aiki na wata jiha. Aron bindigar aboki ma riƙewa ne a idon doka. In kuma ta mota za ka je, hanyar ta ratsa Kanada, su kuwa ba sa wasa da ƙananan bindigogi a kan iyakarsu, kuma "don kare kaina" ba amsa ba ce da suke karɓa. Cikin gandayen daji na tarayya irin su Denali, tun Fabrairun 2010 an yarda wanda doka ta ba izini ya shiga da bindiga, amma ban da gine-ginen gwamnati kamar ofishin karɓar baƙi.

To, a ce duk ka tsallake waɗannan. Bindigar za ta cece ka?

Masu bincike biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, sun bi diddigin wannan tare da abokan aikinsu. A 2012 suka fitar da nazarin arangama 269 tsakanin beyar da masu bindiga a Alaska, daga 1883 zuwa 2009. Ƙaramar bindiga ta tsayar da dabbar sau 31 cikin 37, wato kashi 84 cikin 100, har ta ɗan fi doguwa mai kashi 76. Masu son bindiga nan suke tsayawa da karatu. Amma nazarin ya ci gaba da cewa a cikin masu bindigar, waɗanda suka harba da waɗanda ba su harba ba, yawan jin rauninsu ɗaya ne. Kafin wannan, a 2008, sun duba feshin barkono na korar beyar: ya dakatar da mai ruwan ƙasa kashi 92 cikin 100, kuma kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da shi sun fita ba ko ƙwarzane. Ana jayayya kan ko ya dace a gwama alƙaluman biyu, tunda yanayin arangamar ba iri ɗaya ba ne, kuma jayayyar tana da tushe. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, bindigar tana aiki a hannun da ya saba da ita, mafi yawan matafiya kuwa ba su da wannan hannun.

Yi lissafin da kanka. Beyar da ta taso daga mita 40 za ta iso ka kafin daƙiƙa uku. Cikin wannan ɗan lokaci za ka zaro bindiga, ka saita kan dabbar da ke sama da ƙasa cikin ciyayi, ka ja kunama, jikinka na ɓari. Irin bindigar da ake ɗauka don wannan aiki, .44 Magnum ko 10mm, tana da naushi, harbi na biyu ba ya zuwa inda na farko ya je sai ga wanda ya ƙona harsasai masu yawa a filin koyo. Hukumar kifi da namun daji ta Alaska da kanta ta yi gargaɗin cewa ko .44 Magnum tana iya gazawa, musamman a hannun wanda bai ƙware ba. Beyar da aka ji wa rauni kuma ta fi lafiyayya haɗari. Wanda ya ƙware ɗin, ya sa bindigar a kube a ƙirji, inda maɗaurin jaka ba zai tare ta ba. Bindigar da ke ƙasan jakar goyo da babu duk ɗaya.

Feshin ba ya buƙatar saiti sosai, don hayaƙi yake bazawa tsakaninka da dabbar, kamar mita tara. Nasa aibin shi ne iska: in tana kaɗowa wajenka, kai ma za ka sha rabonka. Gwangwanin yana ƙarewa cikin 'yan daƙiƙu, yana kuma da ranar lalacewa, a duba. Ba a hawa jirgin fasinja da shi, ko a hannu ko cikin kaya, sai ka sauka Anchorage ko Fairbanks ka saya. Kuma kada ka fesa shi a jikin tanti kamar maganin sauro; ƙanshin da ya saura jawo beyar yake yi.

Abin da ya fi duka biyun amfani ba ya cin ko sisi. Ku yi tafiya a ayari, kuna magana da ƙarfi, musamman a bakin rafi da cikin duhuwa inda dabbar ba ta jin tahowarku, don mafi yawan farmaki daga firgita yake, ko uwa mai kare 'ya'ya, ko wadda ke gadin mushe. A Denali doka ce ka bar yadi 300 tsakaninka da beyar. Ka dafa abinci nesa da wurin kwana, ka kulle shi a mazubin da ba ta iya buɗewa, har da man goge baki. In kun yi kiciɓis, kada ka gudu. Yi mata magana a natse kana ja da baya. In mai ruwan ƙasa ta kayar da kai don kare kanta, kwanta rubda ciki ka rufe ƙeya da hannu har ta tafi. In baƙa ce, ko wadda ta biyo ka, ko ta faɗo tanti da dare, ka yi faɗa da duk abin da hannunka ya kai.

Wanda kuma ya harbe beyar ya sani aiki bai ƙare ba. Dokar Alaska ta yarda a kashe ta don kare rai ko dukiya, muddin ba kai ka tsokane ta ko ka jawo ta da sakacin abinci ba, kuma ba wata mafita. Dole ka sanar da hukuma nan take, ka feɗe ta, ka miƙa fatar da faratanta a jiki tare da ƙoƙon kai ga gwamnatin jiha, sannan ka cike rahoto a rubuce cikin kwana 15. In cikin gandun tarayya abin ya faru, jami'an gandun ma za su yi nasu binciken.