Ga Yaran Walda na Sabon Birni da Isa

'Ya'yana, ku ɗan ajiye tsinken walda ku ba ni aron kunnuwanku. Kun gaji wuta daga maƙeran Gobir da suka yi wa Alƙalawa takobi da galma, amma akwai ƙarfen da wutarku ba ta iya masa, kuma ina so ku san shi.

Fukafukan da ke juyawa a wuri mafi zafi cikin injin jirgin sama, da na injinan lantarki masu aiki da iskar gas irin na Geregu a Jihar Kogi, da gamin nikel ake yin su, domin yana jure zafin da zai sa baƙin ƙarfe ya saki. Sai dai alminiyom da titaniyom ɗin da suka ba shi wannan juriya, su ne ke sa ya tsage in aka yi masa walda irin taku.

A farkon shekarun 1970 injiniyoyin Pratt & Whitney a Amurka suka fito da wata dabara. Za a goge fuskokin ƙarafa biyun da za a haɗa tas, a saka siririn fallen nikel mai haɗe da sinadarin boron a tsakaninsu. Nikel zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1455, amma boron kan sauko da shi zuwa wajen 1100. Don haka in aka rufe su a tanderun da aka zuƙe wa iska, fallen kaɗai ke zama ruwa. Ga inda nake so ku lura: ba a rage wuta, ruwan da kansa yake daskarewa, saboda boron yana ta shigewa jikin ƙarfen kamar yadda gishiri ke bin nama. Abin kan ci awoyi. In aka yi gaggawar fitarwa, sauran ruwan ya bar zare mai gautsi a tsakiya, kuma ta nan zai karye.

Ku ma in manomi ya kawo injin ban-ruwa daga fadamar Rima yana azalzala, ku kankare tsatsa da maiko tukuna, kuma kada ku kwara wa haɗin ruwa don ya huce da wuri.

Wanda ya gama sakandare a cikinku, ina roƙonsa ya nemi sashen nazarin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Hannunsa ya riga ya san wuta, lissafinta ya rage masa. Allah ya yi muku albarka.