Zuwa ga Ɗiyata Mai Shirin Zama a Ƙasar Venda

Ɗiyata, babanki ya ce mini makarantarku za ta tura ki ƙauye a gundumar Vhembe, can arewacin lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, dab da iyakar Zimbabwe, ki zauna da wani iyali na Venda. Na yi murna, amma gwaggo ba ta rasa ta cewa.

Za a karɓe ki hannu bibbiyu, a ba ki kujera, a hana ki taɓa komai. Kada wannan ya rufe miki ido. Kwana biyu ya ishi baƙunta. Daga nan sai ki nemi tsintsiya. A gidaje da yawa can, matasa sun tafi neman kuɗi Johannesburg ko Pretoria, kaka ce ke riƙe da gida da jikoki, sau da yawa da kuɗin tsufa da gwamnati ke biya duk wata. Tun duku-duku take tashi ta share tsakar gida ta hura wuta. In famfon unguwa ya kawo ruwa, yara su jera jarkoki a baro su tafi layi. Ki bi su. Abin da za ki ji a bakin famfo ba za ki same shi a takardar tambayoyin da malaminku ya ba ki ba.

Gaisuwa kuwa, su ma ba sa wasa da ita. Namiji yana cewa "Ndaa", mace ta ce "Aa", kada ki musanya, yara za su yi ta ƙyalƙyala dariya. Suna da gaisuwar girmamawa da ake kira losha: mace ta durƙusa, ta haɗa tafin hannuwa, ta sunkuyar da kai, a gaban sarki ko wajen biki har kwantawa take yi ta gefe guda. Ke da kika tashi kina durƙusa wa manya, wannan ba baƙon abu ba ne. Ki yi iyakar abin da zuciyarki ta natsu da shi. Kuma ki lura da 'yar'uwar maigida, wadda suke kira makhadzi. Ba a yanke maganar aure ko ta gado ba da saninta ba, a gidan sarauta ma da bakinta ake naɗa sarki. In ta shigo, ki tashi ki ba ta wuri. (Ba don ni ma gwaggo ce na faɗa ba, ko da yake tsarin ya burge ni.)

Abinci ba zai ba ki wuya ba. Vhuswa tuwon farar masara ne, ana zuba shi a faranti fala-fala, wani kan wani, a ci da hannu. Miyarsa ganye ce: ganyen kabewa, ko delele, wato lalonmu, wani lokaci da dakakkiyar gyaɗa. Akwai tshidzimba, masara da wake da gyaɗa a tukunya guda. Sai mashonzha, tsutsar bishiyar mopane da ake busarwa a soya. In ba za ki iya ba, ki ce kin gode, amma kada ki yatsine fuska. Ki tuna yadda kike wawar fara da yaji. Batun naman alade, da yankan da ba na Musulmi ba, da giyar marula da ake yi a farkon shekara, ki faɗa wa uwar gida tun ranar da kika sauka, ke da ita, cikin ladabi. Abin da ke ɓata rai shi ne a wahala a dafa sannan a ture kwano. Haka lokutan salla: ki sanar, za su ba ki wuri. Yawancinsu Kirista ne masu riƙo da ibada, sun san darajarta.

Tsofaffin gidan sun ga zamanin da gwamnatin wariyar launin fata ta mai da Venda "ƙasa mai 'yanci" a 1979, da babban birni a Thohoyandou, 'yancin da duniya ba ta amince da shi ba, har aka mayar da ita cikin Afirka ta Kudu a 1994. Kin karanta wannan a littafi, su kuwa a jikinsu ya faru. Wani ya yi wa waccan gwamnati aiki, wani ta ɗaure shi, kuma maƙwabta ne har yau. Kada ki tono. In sun ga dama za su ba ki labari da dare.

Tafkin Fundudzi da dajin Thathe Vondo wurare ne masu tsarki a wurinsu, ba a kutsawa sai da izinin masu kula da su. Haka abin da ake koya wa 'yan mata a domba, makarantarsu ta gargajiya ta shirin zama mace, ba duka ake faɗa wa bare ba. In aka ce miki "ban da nan", kada ki nemi dalili, kada kuma ki ɗaga waya. Ko hoton kaka a bakin murhu, ki tambaya tukuna, ki kuma nuna mata.

Ki tafi da rigar sanyi, don Yuni da Yuli ne hunturunsu, tsaunukan Soutpansberg kuma ba sa raga wa baƙo da asuba. Ki saka turmin atamfa guda a jaka domin uwar gidan, ki ce mata gwaggonki na gaishe ta. Allah Ya kai ki lafiya.