Wayar Zamani Da Hukuncin Tura Labari Ba Bincike

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sa'ad da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, aikinta bai wuce kira da ɗan gajeren saƙo ba, kowane saƙo kuwa da kuɗinsa, saboda haka mutum yakan yi tunani kafin ya aika. A 2007 da 2008 aka fito da iPhone da Android, watau wayoyin da ake shafawa da yatsa, sa'an nan masu araha irin su Tecno suka cika kasuwa. Yau zaure guda na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. Abin da a da sai mai shelar sarki, yanzu yaro yana yinsa daga kan tabarmarsa.

To, kayan aiki ne suka sake, hukunci yana nan. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta umurci muminai da bincika labari kafin su yi aiki da shi, don gudun cutar da wanda bai ji ba bai gani ba. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne game da Walidu ɗan Uƙba, wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ. Da ya hango su sun fito, sai ya tsorata saboda wata tsohuwar gaba, ya juyo ya ce sun hana, har aka yi shirin yaƙarsu, alhali tarbarsa suka fito yi. In labarin ɗan aiken da aka san sunansa da na ubansa ya bukaci bincike, ina ga saƙon da ba a san marubucinsa ba?

A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu ta waya cikin dare cewa shan ruwan gishiri da wanka da shi rigakafi ne. Aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu. Galibin waɗanda suka tura shi alheri suka nufa, iyaye ne da 'yan'uwa, amma kyakkyawar niyya ba ta hana gishirin yin ɓarnarsa ba.

Wasu kan fake da cewa yadda suka samu haka suka tura. Wannan ba uzuri ba ne, domin Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da ya sanya mai faɗin duk abin da ya ji cikin sahun maƙaryata, turawa kuwa faɗi ce. Saboda haka saƙon magani sai an tambayi likita, wanda aka jingina wa Annabi sai an tambayi malamin hadisi. Wanda ya taɓa mutuncin Musulmi kuwa, ko da an bincika an tarar gaskiya ne, yaɗa shi ba tare da dalilin shari'a ba giba ce.